Tambayoyinku: Na saka Linux sikirin ya yi baki, kwamfutar ta mutu kenan?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 sakonnin da ke shigo min suka canza salo. Yawancin laftof din da ke hannun mutanenmu nan Kaduna 'yan Beljiyam ne, masu Intel jenareshan na 4 ko na 5 ko na 6, ita kuwa Windows 11 galibi na 8 zuwa sama take nema tare da TPM 2.0, wani dan sashen tsaro a cikin na'ura, shi yasa da yawa suka fara gwada Ubuntu da Linux Mint, kuma ni kaina na ba mutane da dama wannan shawarar. To abin da ke korar mutum tun a satin farko shine sikirin, ko ya yi baki, ko rubutu ya yi kato-kato, ko firojekta ta ki kamawa, sai ka ji mutum yace shi ya hakura ya koma inda ya fito. Wannan karon tambayoyin sikirin kawai na ware.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dalibi ne a Kadpoly, ina zaune a Tudun Wada. Na saka Ubuntu 24.04 a HP dina mai Nvidia, aka gama komai lafiya na cire filash na sake kunnawa, sai kawai baki, sai wani dan layi fari yana kiftawa can sama ta hagu. Fanka tana juyawa. Abokina yace bod ne ya kone. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Kanina kwantar da hankalinka, bod din ka bai kone ba. Tambarin HP yana fitowa idan ka kunna ko? In dai yana fitowa to sikirin yana aiki, bod yana aiki, abin da ya faru shine Ubuntu ta zo wajen da za ta mika zanen hoto ga katin hoto na Nvidia sai suka kasa fahimtar juna. Direba ai tafinta ne tsakanin manhaja da karfen da ke cikin na'ura. Wanda ke zuwa da Linux tun farko don katin Nvidia sunansa nouveau, masu sa kai ne suka hada shi, sun yi kokari sosai amma akwai katunan da yake tuntube a kansu, kuma ina ga naka na cikinsu.

Ga yadda za ka yi. Kashe ta gaba daya, ka kunna, da zarar tambarin HP ya wuce ka taba Esc sau daya, in tsohuwar na'ura ce kuma ka danne Shift ka rike. Kar ka yi ta bugun Esc ba kakkautawa don zai jefa ka wani bakin shafi mai grub> wanda zai kara rikita ka, in hakan ta faru ka kashe ka sake. Abin da muke nema shine jerin da ke dauke da Ubuntu a sama da Advanced options a kasa. Kana kan Ubuntu ka danna harafin e. Rubutu zai fito da yawa kar ya tsorata ka, ka sauko da kibiya zuwa layin da ya fara da linux, a wajen karshensa za ka ga quiet splash, ka ba da tazara ka rubuta nomodeset a bayansu, sai ka danna F10. Za ta shiga insha Allah, hoton zai yi muni, komai manya-manya, ba komai, na dan lokaci ne, kuma wannan gyaran na kunnawa daya ne kawai bai taba komai a ciki ba.

Da ka shiga ka jona intanet, ka tanadi data don direban Nvidia yana cin daruruwan MB, kuma ka tabbatar caja tana jiki ko batir a cike yake. Ka nemo Software & Updates ka shiga Additional Drivers, ka jira ta gama lalube, za ta jero maka direbobi, ka dauki wanda aka rubuta tested a gefensa ka danna Apply Changes. In ka fi son Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, to layi daya ne:

sudo ubuntu-drivers install

Za ta tambayi fasawod, kuma a nan sababbi da yawa ke tsayawa, domin kana rubutawa ba ka ganin komai, ko tauraro daya baya fitowa. Haka aka yi shi, yana shiga, rubuta ka danna Enter. In ta gama ka sake kunnawa ba tare da nomodeset ba, sannan ka rubuta nvidia-smi, in ka ga tebur dauke da sunan katinka da zafinsa to magana ta kare.

Rokona daya gare ka, kar ka je shafin Nvidia ka sauko da fayil mai karewa da .run duk da za ka ga bidiyoyi suna koyar da hakan. Dabi'ar Windows ce muka taho da ita, a can haka ake yi. A Ubuntu wannan fayil din yana shiga ta bayan gida ne, tsarin sabuntawa bai san da zamansa ba, ranar da aka sabunta kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da karfen na'ura, sai ka wayi gari da bakin sikirin nan kuma cire shi ya fi saka shi wahala.

Tambaya: Ni HP EliteBook 840 G3 gare ni, na saka Linux Mint. Na duba Driver Manager tace babu direban da ake bukata, amma hasken sikirin baya raguwa baya karuwa, bidiyo yana tsinkewa, batir kuma baya dadewa. A ina zan samo direban Intel? Daga Unguwar Dosa.

Amsa: Dan uwa Driver Manager gaskiya ta fada maka. 840 G3 da Intel HD Graphics 520 take zuwa, kuma direban Intel a cikin kanel din Linux yake tun asali, sunansa i915, na AMD ma a cikin kanel din yake. Babu abin saukewa. Wannan na daga cikin abubuwan da nake so da Linux, irin wadannan na'urorin na ofis da suka cika kasuwa, EliteBook da Latitude da ThinkPad, yawanci ana sakawa suke kamawa.

To me yasa taka take haka? Alamomin nan uku tare suna sa ni zargin an kashe direban da gangan. Na taba ganin irinta sak, wani matashi ya kawo min tasa yace tun ranar farko take haka, na bude fayil din grub, wato saitin manhajar da ke tayar da Linux, sai ga nomodeset zaune daram a tsakiyar layi, ashe wanda ya saka masa ne ya bi wani bidiyo ya manna shi na dindindin ya manta. Kalmar nan sandar gurgu ce, a dogara da ita a shiga a yi gyara a ajiye ta, in aka bar ta to an hana direba aiki kenan, firosesa ce za ta rika daukar nauyin zanen hoto ita kadai, shi yasa zafi da cin batir. Ka bude Terminal ka rubuta:

lspci -k | grep -A 3 -iE "vga|3d"

Zai nuna maka sunan katin da ke ciki, a kasa kuma ka nemi Kernel driver in use. In ka ga i915 to direba na aiki, ka sake rubuto min mu duba wani wajen. In babu layin, ka rubuta sudo nano /etc/default/grub ka nemo nomodeset ka goge shi shi kadai, kar ka taba alamomin zance da ke gefe, ka danna Ctrl+O da Enter da Ctrl+X, sai sudo update-grub, ka sake kunnawa. Wancan layin na lspci kowa ya rubuta shi a takarda ya ajiye, don rabin masu turo min tambaya ba su san wane kati ne a cikin na'urarsu ba, sitikar da ke jikin murfi kuwa ba abin dogaro bace a kayan hannu.

Tambaya: Salam Malam. Ni malama ce a wata makaranta a Malali. Idan na jona laftof dina mai Ubuntu da firojektar makaranta hoton yana fitowa a matse, gefe da gefe baki, a Settings kuma an rubuta Unknown Display, zabin 1024x768 kawai take bani. Da Windows ta abokiyar aikina ma kusan haka take yi.

Amsa: Malama jimlarki ta karshe ita ta ba da amsar. Tunda na'ura biyu masu manhaja daban suna yin abu daya, to a kyale direba a dubi waya. Ina kyautata zaton wayar VGA ce, mai shudin kai da kusoshi biyu na daurewa. Kan nan fil 15 gare shi, kuma ba duka ne ke daukar hoto ba, na 12 da na 15 su ne hanyar da firojekta ke gabatar da kanta, tace ni wance ce, ga girman hoton da nake iya dauka. In wadannan suka lankwashe ko suka karye, ko wayar mai araha ce da ba a ma jona su a ciki ba, hoto zai fito amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba, sai ta zabi karamin girma don kar ta yi barna. Ki zare wayar ki haska kan da tocilar waya, ki kirga filolin layi uku biyar-biyar, sau da yawa za ki ga daya ya kwanta a jikin dan uwansa saboda yawan cusawa da karfi. Akwai wayoyin da dama can babu fil na 9, wannan ba matsala bane. Ki ari wata wayar ki gwada kafin makaranta ta kashe kudi, kuma in firojektar tana da kafar HDMI to ki koma can kawai ki huta. Ki kunna firojekta tukuna kafin ki jona. Sannan maballin tambarin Windows tare da P yana aiki a Ubuntu ma, da shi ake sauyawa tsakanin nuna abu daya a duka biyun ko raba su.

Akwai hanyar tilasta girman hoto da umarnin cvt da xrandr a Terminal amma ba zan dora miki ita yanzu ba, sai in canjin waya bai yi ba.

Tambaya: Ranka ya dade ina cikin tashin hankali. Ubuntu dina tana ofdet aka dauke wuta, batirin kuma dama ya mutu, ta mutu nan take. Da wuta ta dawo na kunna, tambarin Ubuntu ya fito daga nan sai baki. Furojet dina na shekarar karshe yana ciki ban da kwafi. Wani mai gyara yace sai an yi fomatin. Daga Rigasa.

Amsa: Kar ka bari a yi fomatin. Na sake fada, kar ka bari. Fayilolinka suna nan inda ka bar su, abin da ya lalace shine sashen da ke zana maka tebur da maus, ita Linux din tana nan a raye a karkashi. Wannan maganar fomatin tana min ciwo wallahi, aikin shekara guda ya tafi a kan matsalar minti ashirin, kuma sau tari mai gyaran ba mugunta yake ba, Windows kawai ya sani.

Kana kan bakin sikirin din ka danna Ctrl+Alt+F3, a wasu laftof sai ka hada da Fn. Za ka ga farin rubutu yana cewa login. Rubuta sunan da ka yi amfani da shi lokacin sakawa da kananan haruffa, Enter, fasawod, Enter. Ka shiga kenan. Rubuta ls Documents ka ga sunan furojet dinka da idonka hankalinka ya kwanta tukuna. Sannan ka jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering a cikin saitin hotspot, Linux tana kama shi da kanta ba sai ka saita komai ba. Sai ka bi wadannan daya bayan daya, kowanne ka jira ya gama:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt -f install

sudo apt update

sudo apt upgrade

Na farkon shine ke karasa aikin da daukewar wuta ta katse, kuma galibi shi kadai ma yana isa. Ka tabbatar akwai wuta tsayayya ko janareta kafin ka fara tunda batirinka baya rike caji, kar a maimaita. In an gama ka rubuta sudo reboot.

In har yanzu baki ne, abu biyu za ka duba. Na daya ka rubuta df -h ka kalli layin da ke karewa da / kadai, in ka ga 100% to dis ne ya cika, kuma cikar dis tana hana tebur budewa, mutane da yawa ba su san wannan ba suna ta zagin direba. sudo apt clean zai dan samar maka wuri. Na biyu ka shiga jerin nan na farko da Esc ko Shift, ka zabi Advanced options for Ubuntu, za ka ga kanel fiye da daya, ka dauki na kasa mai karamar lamba wanda ba a rubuta recovery mode a jikinsa ba. Ubuntu tana ajiye tsohon kanel ne saboda rana irin wannan. In kuwa Ctrl+Alt+F3 din ma ta ki, to ka dauko filash din da ka saka Ubuntu da shi, ka kunna ta kansa ka zabi Try Ubuntu, ka bude dis din ka kwashe furojet dinka zuwa wani filash kafin kowa ya taba na'urar. Kuma yau din nan ka tura wa kanka kwafi ta imel.

Tambaya: Na saka direban Nvidia a Mint, da na sake kunnawa wani shudin shafi ya fito da turanci, tsoro ya kama ni na danna Continue boot. Yanzu nvidia-smi yana cewa ya kasa magana da direba, kuma HDMI baya aiki. Daga Barnawa.

Amsa: Shudin shafin nan ba cuta bane dan uwa, MOK management ake ce masa. Na'urarka tana da Secure Boot a kunne, shi kuma kamar mai gadi ne a bakin kofa, baya barin direban da bai san sa hannunsa ba ya shiga, shafin yana tambayarka ne ko ka yarda a yi rajistar sa hannun, kai kuma ka wuce. Direban yana ciki amma an hana shi tashi. HDMI kuma a laftof da yawa masu kati biyu kai tsaye take jone da Nvidia, shi yasa ta mutu tare da shi. Rubuta mokutil --sb-state, in yace enabled to shine. Sai ka rubuta:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Zai ce ka kirkiri fasawod sau biyu, ka sa lambobi masu sauki kamar guda takwas don sau daya za ka yi amfani da shi. Sake kunnawa ka tsaya a gaban na'urar, shudin shafin 'yan dakikoki yake jira, taba kowane maballi, zabi Enroll MOK, Continue, Yes, sa lambobin, Reboot.

Wasu za su ce ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot kawai, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, kuma yana aiki. Amma in kana da Windows a gefe mai BitLocker, wato tsarin da ke kulle dis, taba wannan saitin zai iya sa ta nemi makullin ceto mai lamba 48, in ba ka da shi ka shiga wata sabuwar matsalar da ta fi wannan. Shi yasa na fi son hanyar farko.

Wani abu kuma ga masu tsofaffin katunan Nvidia, kamfanin ya daina sabunta direba mai lamba 390 tun karshen 2022, saboda haka in katinka na wancan zamanin ne kuma Driver Manager ba ta nuna maka komai ba, kar ka wahalar da kanka da tilastawa, ka zauna a kan nouveau ko Intel din da ke ciki, don rubutu da burauza da kallon bidiyo sun ishe ka.

Tambaya: Yaro na ya saka min Linux a Dell, bayan sati biyu wasu layuka kore da ja suka fito a tsaye a sikirin, wani lokacin yana rawa. Yaron yace direba ne, ni kuma nace Linux din ce ta bata min na'ura. Daga Kawo.

Amsa: Baba Allah ya kara girma, a wannan karon ina ga daga ku har yaron babu wanda ya canka. Layi a tsaye mai launi wanda baya motsi yawanci daga gilashin ne ko fleks, wato siririyar wayar da ta bi ta cikin hinjin murfi ta hada sikirin da bod. Gwajin ba wuya. Ku kashe ta, ku danne harafin D ku rike sannan ku danna maballin kunnawa, na'urorin Dell suna da gwajin sikirin nasu na kansu, za ta rika nuna launuka daya bayan daya, fari, ja, kore, shudi, kuma a lokacin ba Linux ba Windows babu wanda ya tashi. In layukan suna nan a kan launukan to manhaja ba ta da hannu. Sannan ku rika bude murfin kuna rufewa a hankali kuna kallo, in layukan suna bacewa suna dawowa ko rawar tana canzawa to fleks ne, kuma shi ya fi sauki a aljihu. In ba sa ko gezau to gilashin ne. Ku kuma jona ta da talabijin ta HDMI, in hoto ya fito tas a talabijin to katin hoto lafiyarsa kalau. Da wannan bayanin za ku je wajen mai gyara, ku ce masa ya fara zare fleks din ya goge ya mayar a gabanku kafin a yi maganar sayen sabon gilashi, kuma a daina daga ta ta kusurwar murfi da hannu daya.